HUKUNCIN KWAFA DA TURI: TSAKANIN YAƊA ILIMI DA CIN HAƘƘIN MAI SHI

 

Ya ku iyayenmu malamai, da shugabannin reshe, da 'yan agaji, da sauran 'yan'uwa Musulmi maza da mata da kuka taru a nan 'Yargoje, musamman waɗanda suka taso daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa alhali kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki.

Maudu'in da aka ɗora mana a yau ya samo asali ne daga tambayar wasu samarinmu masu shagunan caji da turi. Suka ce: mutum yakan zo da memori ya ce a cika masa da tafsiri, wani ya ce waƙa yake so, wani fim, wani littafi. Su kuma sai su tura su karɓi kuɗi, alhali babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da suka san mai shi ya ba su izini. Shin abin da suke kai wa iyalinsu halal ne?

Wataƙila wani zai ce, ana fama da ɓarayin daji, garin nan bai gama share hawayen harin watan Yuni na 2024 ba, gonaki sun gagara shiga, sai maganar memori? To, muna tunatar da mai wannan magana hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.), inda Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labarin matafiyin da ya sha wahala, ya yi ƙura, ya ɗaga hannu yana roƙon Ubangijinsa, amma abincinsa da abin shansa da tufarsa duk na haram ne, sai Annabi ya nisantar da cewa za a amsa masa. Mu mutane ne da muke alƙunutu dare da rana. Saboda haka duk wata ƙofa da haram ke shiga tukunyarmu ta cikinta, komai ƙanƙantarta, ta cancanci a tsaya a duba ta.

Za mu fara da faɗin wata gaskiya da ba ta ɓoyuwa, watau ita wannan da'awa ta Sunna da muke ciki, kwafa ce ta ɗauke ta ta kai ta ƙauyuka. Lokacin da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, yake tafsiri a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, Gidan Rediyon Kaduna yana watsawa, iyayenmu da yawa sukan kara rikoda a bakin rediyo su ɗauka. Kaset ɗaya sai ya haifi goma, goma su haifi ɗari. Direba ya sa a mota, tela ya sa a shago, matar kulle ta saurara a ɗakinta. Bayan kafa ƙungiya a Jos a 1978, wa'azin ƙasa da na jiha duk ta wannan hanya suka riƙa isa inda ƙafar mai wa'azi ba ta taka ba. Malam ya rasu a 1992, amma ga muryarsa nan har yau a wayoyinmu, kuma hannayen masu kwafa ne suka miƙo ta daga kaset zuwa faifan sidi, daga sidi zuwa memori.

Mu mutanen wannan yanki mun ƙara sanin darajar abin a 2021. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama, domin a toshe wa ɓarayi hanyar samun labari. Tsawon watanni babu WhatsApp babu YouTube. Abin da ya rage shi ne abin da yake cikin memori, ana tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender, kuma wanda ya je Katsina ko Zariya shi ne zai dawo wa jama'a da sabon karatu. Don haka duk wanda zai zo ya ce mana kwafa gaba ɗayanta sata ce, to bai san tarihinmu ba. Amma wanda zai ce duk abin da ya shiga waya ya zama na kowa, shi kuma bai san Shari'a ba, kuma shi ne ya fi yawa a cikinmu.

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ta ba. A 1999 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Amurka mai suna Shawn Fanning ya ƙirƙiro wata manhaja da ya kira Napster, wadda take ba mutum damar ɗaukar waƙa daga kwamfutar wani ta intanet ba tare da biyan ko sisi ba. Miliyoyin mutane suka rufta. Kamfanonin faifai suka kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya, aka rufe ta a 2001. Sai irinta suka ɓullo ta ko'ina. Daga 2003 kamfanonin suka koma gurfanar da ɗaiɗaikun mutane dubbai, har wata mata a Jihar Minesota aka yanke mata biyan dala 222,000 a 2007 a kan waƙoƙi 24. Suka kuma shiga sanya wa faifai makulli na fasaha domin kada ya kwafu. A 2005 aka gano kamfanin Sony BMG yana ɓoye wata manhaja a cikin faya-fayansa, wadda take shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba, ta bar ta a buɗe ga masu kutse, dole kamfanin ya janye faya-fayan daga kasuwa. Ku duba wannan: domin ya kare dukiyarsa daga ɓarawo, sai ya shiga gidan wanda ya saya da kuɗinsa ya ɓalle masa ƙofa. A ƙarshe makullin bai hana masu kwafa komai ba, sai dai ya wahalar da masu gaskiya, har kamfanin Apple ya cire shi daga waƙoƙin da yake sayarwa a 2009.

A nan gida ma an yi kwatankwacin haka. A shekarun 1990 kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ita ce cibiyar kaset ɗin bidiyo. Mai fim yakan buga kwali ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi kaset ɗin da kansu su sa a ciki, watau kwalin ne shaidar cewa mai abu ya sami rabonsa. Da faifai mai arha ya shigo, sannan turi ya biyo baya, sai kwali ya rasa amfani, kasuwar ta durƙushe, masu fim suka koma gidajen talabijin da YouTube. Ba muna yi wa fim makoki ba ne, kun san matsayinmu a kan abin da yawancinsu suka ƙunsa. Abin lura dai shi ne, wutar da ta ci rumfar mai fim ita ce take cin rumfar mai buga littafin fiƙihu. Hukuma kuwa ta yi doka a 1988, aka sabunta ta da dokar 2022 wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. Amma wane jami'i ne zai zo 'Yargoje ya binciki memorin mai caji? Mai tsaron wannan haƙƙi a nan shi ne tsoron Allah da yake zuciyar mai shago, shi ya sa maganar ta dawo hannun malamai.

To, mene ne malamai suka ce? Ku sani wannan mas'ala tana cikin abin da ake kira nawazil, watau sababbin al'amuran da suka auku bayan zamanin magabata. A da, wanda yake son littafi sai ya zauna ya kwafe shi da hannu wata da watanni, ko ya biya marubuci. Wahalar kwafar kanta ita ce katanga. Da injin ɗab'i ya zo, sannan na'urar da take kwafar littafi dubu kafin a sha ruwa, sai malamai suka kasu biyu.

Kashi na farko suka ce babu wani haƙƙi a nan da za a saya ko a sayar. Daga cikinsu akwai Mufti Muhammad Shafi' na Pakistan. Hujjarsu ita ce, wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon ya yi abin da ya ga dama da shi, kuma wanda ya kwafa bai rage wa mawallafi komai daga abin da yake hannunsa ba, iyaka dai ya rage masa ribar da yake tsammani. Suka ƙara da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai yi wa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye narkon linzamin wuta ranar ƙiyama. Wannan magana ce ta malamai masu daraja, kada wani ya raina ta.

Kashi na biyu, kuma su ne mafi rinjaye a wannan zamani, suka ce haƙƙi ne tabbatacce. Shaikh Bakr Abu Zaid ya yi dogon bincike a kai a cikin littafinsa Fiƙhun Nawazil. Ɗan shi Mufti Shafi' ɗin, watau Mufti Taƙi Usmani, ya karkata ga wannan ra'ayi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin watan Jimada Ula 1409, daidai da Disamba 1988, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43, inda ta tabbatar da cewa wallafa da ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, sun zama dukiya a al'adar mutanen yau, Shari'a tana kare su, kuma bai halatta a yi musu ta'addanci ba.

Mu wannan ra'ayi na biyu muke rinjayarwa, saboda dalilai kamar haka. A wajen Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, amfani shi ma dukiya ne, ba sai abin da hannu yake taɓawa ba. Shi ya sa ake hayar gida, ake biyan lebura, alhali mai haya bai ɗauke bango ya tafi da shi ba. Sannan Shari'a ta yarda a karɓi lada a kan ilimi: ga hadisin Ibn Abbas (R.A.) a Buhari game da sahabin da ya yi wa wanda aka sara ruƙiyya da Fatiha ya karɓi tumaki, Annabi (S.A.W.) ya tabbatar da shi a kai, ga kuma hadisin Sahlu ɗan Sa'adu (R.A.) na mutumin da aka aura wa mace a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Ko Risala da muke karantawa a zaure ta halatta wa malamin makaranta ya yi sharaɗin lada a kan koyarwa. Shi kuwa hadisin ɓoye ilimi, yana magana ne a kan wanda aka zo wa da tambayar da ake buƙatar amsarta ya ƙi faɗa. Mutumin da ya shekara biyar yana rubutu, ya ci bashi ya sayi takarda a wannan tsada da ta biyo bayan faɗuwar naira a 2023, ya kai littafinsa kasuwa, yaya za a kira shi mai ɓoye ilimi? Ai shi ne ya fito da shi fili. Idan wani ya ɗauki littafin ya buga a ɓoye da takarda mara kyau, ya karya farashi domin shi bai biya kowa ba, to abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma wannan yana cikin cin dukiyar mutane da ɓarna da Allah Ya hana a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i.

Wani ɗan tsokaci a nan ga ɗalibai. Gidajen rediyo suna kiran abin "satar fasaha". Kada wannan suna ya sa wani ya zaci muna maganar sata mai haddi. Haddin sata yana da sharuɗɗa, daga ciki akwai fitar da dukiya a ɓoye daga ma'ajiyarta, kuma mai kwafa bai fitar da komai daga ma'ajiya ba. Abin da yake kansa shi ne zunubi, da biyan asarar da ya jawo, da ladabtarwar da alƙali ya ga ta dace.

Yanzu mu koma shagon turi, mu ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya.

Tafsiri da wa'azi da karatun littattafai da malamai suke yi a masallatai, asalinsu halal ne a kwafa a yaɗa. Malam ya zauna a bainar jama'a, lasifika tana kai muryarsa bayan gari, yana ganin wayoyi da rikodoji jere a gabansa bai hana ba, sau da yawa ma da bakinsa yake cewa a isar wa wanda bai zo ba. A ƙa'idar fiƙihu, izinin da al'ada ta nuna yana tsayawa a matsayin izinin da aka furta. Kuɗin da mai turi yake karɓa kuwa ladan aikinsa ne: ya sayi kwamfuta, ya zuba mai a janareta ko ya kafa sola, ya sayi data, ya ɓata lokaci yana tsara karatu daki-daki. Wannan ijara ce ingantacciya, Allah Ya sa albarka. Sharaɗi dai a san aikin a san ladan, kuma kada a yi algus. Wanda aka ce ya sa tafsirin Baƙara cikakke, ya sa rabi ya ce ya cika, ko ya lafta sunan wani babban malami a kan karatun wani domin ya yi kasuwa, ya tuna da mai tsibin hatsin nan da Annabi (S.A.W.) ya cusa hannu ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, da abin da ya faɗa masa, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Sai dai wannan izini yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce sharaɗin mai abu. Akwai samari da suke bin malamai gari-gari da kyamara, su biya kuɗin mota, su gyara murya, su tace hoto. Idan suka yi haka da yardar malam, suka ce kada a kwafa domin sayarwa sai sun mai da kuɗinsu, wajibi ne a mutunta wannan, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Su ma kuma su sani maganar malam ba tasu ba ce, aikin ɗauka ne nasu, kada su riƙe karatu shekara da shekaru suna jiran farashi. Sharaɗi yakan zo ta ɗaya fuskar ma. Tarjamar Alƙur'ani ta Shaikh Gumi da ake bugawa a Madina, a maɗaba'ar Sarki Fahad, kyauta ake raba ta, an kuma rubuta a jikinta ba ta sayarwa ba ce. Amma sau nawa muke ganinta a kan tabarmar mai littattafai da farashi? Wannan ma cin haƙƙi ne, haƙƙin wanda ya yi waƙafi da na talakan da aka buga dominsa.

Akwai wata mas'ala da take damunmu ƙwarai, ita ce ta malaman da suka rasu. An kashe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacinsa na Ɗorayi a Kano a watan Afrilu 2007. An kashe Shaikh Muhammad Auwal Albani a Zariya a watan Fabrairu 2014. Allah Ya jiƙansu. Karatunsu yana nan ana amfana da shi, kuma muna fatan ya zama sadaka mai gudana. To amma akwai masu buɗe tasha a YouTube su tara karatun mamatan malamai, kamfanin yana biyansu kuɗin talla gwargwadon masu kallo, wani lokaci ma tallan da bai dace ba ya faɗo a tsakiyar aya. Wannan ya wuce yaɗa ilimi, ya zama kasuwanci da wahalar wani, kuma malaman nan sun bar magada. Imam Ƙarafi, Bamalike, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bambance a cikin al-Furuƙ tsakanin haƙƙin da ake gada da wanda ba a gada: abin da ya rataya da dukiya yana komawa ga magada, abin da ya rataya da hankalin mamaci da ijtihadinsa ba ya komawa ga kowa. A bisa wannan, idan karatu ya koma yana kawo kuɗi, magada suna da magana a kai, sai a neme su ko cibiyoyin da malaman suka bari. Amma fatawar malam, ko ɗansa na cikinsa ba shi da ikon ya sauya ta.

Littattafai kuwa, tsofaffin da muka gada irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Muwaɗɗa, matanin ba na kowa ba ne, kowa ya kwafa. Ko dokar ƙasa shekara 70 ta ba littafi bayan rasuwar mai shi. Amma sabuwar tarjama, ko sharhi, ko tahƙiƙi da wani ya yi a wannan zamani, tana da mai ita. Wasu malamai sun yi rangwame ga ɗalibin da ya kwafa domin karatun kansa idan littafin ya ƙare a kasuwa ko ya gagare shi samu, ba domin ciniki ba, kuma muna ganin wannan rangwame ya dace da halin ɗalibin da yake zaune a Sabuwa, wanda zuwa Kasuwar Kurmi neman littafi ɗaya zai iya zama sayar da rai. Mai shago dai ba ya shiga wannan rangwame, domin shi ciniki yake yi. Mawallafa da masu ɗab'i su ma muna da magana da su: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya tsawwala farashin littafin da jama'a suke buƙata domin gyara sallarsu, ko ya bar shi ya ƙare shekaru bai sake bugawa ba kuma bai ba kowa izini ba, shi ya buɗe wa masu kwafa ƙofa.

Sai waƙa, wadda ita ce mafi yawan abin da ake nema a shagunan nan. Matsayinmu a kan kayan kiɗa sananne ne, shi ne na jumhurun malamai, bisa hadisin da Buhari ya kawo game da mutanen da za su zo su halatta su, duk da mun san Ibn Hazm ya saɓa. A nan ne wani saurayi ya kawo shubuha mai kama da ilimi. Ya ce: tunda waƙar kiɗa haram ce, ba ta da ƙima a Shari'a, ke nan mawaƙi ba shi da haƙƙin da za a ci, in na kwafa na sayar ban zalunci kowa ba. To ɗan'uwa, ko da mun sallama maka rabin farko, ina za ka kai rabi na biyu? Idan haram ce a bakin mawaƙi, yaya ta zama halal a kwamfutarka? Shi ya rera sau ɗaya a Kano, kai ne kake shigar da ita gida ɗari a 'Yargoje. Allah Ya hana taimakekeniya a kan saɓo a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, kuma hadisin Ibn Abbas (R.A.) da Ahmad da Abu Dawuda suka ruwaito ya nuna abin da Allah Ya haramta, kuɗinsa ma ya haramta. Balle waƙoƙin da ake yi wa shugabannin ɓarayin daji kirari, da bidiyon batsa, da hotunan gawarwakin 'yan'uwanmu bayan hari. Wanda yake tura waɗannan a garin da aka zubar da jini, ya ji kunyar marayun da suke wucewa ta ƙofar shagonsa. Waƙar wa'azi da ba ta da kiɗa kuwa, hukuncinta hukuncin littafi ne.

Makamanciyar wannan shubuha ita ce ta masu cewa manhajar kwamfuta ko littafin kimiyya na Turawa ne, kafirai ne, dukiyarsu ganima ce. Wannan jahilci ne mai haɗari. Annabi (S.A.W.) ya bar Makka Ƙuraishawa suna neman ransa, amma ya bar Aliyu (R.A.) a baya domin ya mayar musu da ajiyarsu da take hannunsa.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu a kan kuɗi ne. Akwai haƙƙin da ya fi kuɗi nauyi, wanda magabatanmu suka san shi tun kafin Turawa su rubuta doka, shi ne a jingina magana ga mai ita, kuma a isar da ita yadda ya faɗe ta. A kan wannan aka gina ilimin isnadi gaba ɗaya. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, wanda kuma ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha, ya wallafa ɗan littafi sukutum mai suna al-Fariƙu bainal Musannifi was Sariƙi a kan wanda ya kwashe masa rubutu bai ambace shi ba. Ku duba tsofaffin littattafan hannu da suke gafakan kakanninmu: a ƙarshe marubuci zai faɗi sunan littafi da mawallafinsa, sannan ya faɗi nasa sunan ya nemi addu'a. Waƙoƙin Nana Asma'u haka jajis suka riƙa kai su ƙauyuka, ana kwafa ana haddacewa, ba a raba su da sunan mai su ba. Sun kwafa fiye da yadda muke zato, amma da amana suka kwafa.

Mu kuwa yau me muke yi? Malam zai yi karatun awa biyu, ya kawo maganar wani ɓatacce domin ya rushe ta, sai wani ya yanko daƙiƙa 30 daidai inda yake kawo maganar, ya jefar da raddin, ya sa take mai tayar da hankali, ya saka a TikTok. Kafin la'asar an kafirta malam a garuruwa goma. Wannan daidai yake da wanda ya karanta aya ta 4 ta Suratul Ma'un ya yi shiru bai karanta ta 5 ba, ya ce wai Alƙur'ani ya yi wa masu salla narko. Wani zai ɗauki fatawar da aka bayar shekaru 20 da suka wuce a kan wani lamari, ya manna ta a kan rikicin jiya. Yanzu ma an kai ga na'ura tana kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Masallatai nawa suka rabu, zumunci nawa ya yanke, a kan guntun faifan da babu wanda ya ji farkonsa? Mai yankan ya yi ƙarya da ƙazafi. Wanda ya tura ba tare da bincike ba ya saɓa wa umurnin aya ta 6 ta Suratul Hujurat, kuma ya shiga cikin hadisin da yake muƙaddimar Sahihu Muslim, mai nuna cewa ba da labarin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. A nan babu saɓani tsakanin malaman da suka tabbatar da haƙƙin mallaka da waɗanda suka kore shi.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa masu shaguna, kowane karatu ku rubuta masa sunan malam, da littafin, da garin da aka yi shi, da shekara, da lambar darasi. Guntun da ba ku san asalinsa ba kada ya kwana a kwamfutarku. Malamanmu kuma, Allah Ya ƙara muku lafiya, ku taimaka wa yaran nan da kalma ɗaya a farkon kowane ɗauka: a kwafa kyauta, ko a kwafa a karɓi ladan aiki, ko kada a kwafa sai da izini. Mun san cire waƙa da fim daga shago zai rage ciniki, kuma ba ƙaramin ragi ba. Muna kira ga masu hali a cikin reshe su duba waɗanda suka yi wannan sadaukarwa, ko da da farantin sola ne ko jarin kayan waya, kuma jama'a su riƙa kai cajinsu can.

Saura tambayar da ɗaya daga cikinsu ya ƙara, game da kuɗin da ya riga ya tara a baya, har ya yi aure da shi. Abin da ya samu yana jahiltar hukunci, wasu malamai, daga cikinsu Shaihul Islam Ibn Taimiyya, sun tafi a kan cewa idan ya tuba ya daina, abin da ya wuce nasa ne, suna kafa hujja da aya ta 275 ta Suratul Baƙara, kuma aurensa yana nan daram. Amma idan akwai wani sananne da ya san ya karya masa kasuwa, kamar mawallafin da ya buga littafinsa ba izini, ko mai ɗaukar da ya hana shi ya ƙi hanuwa, to wannan haƙƙin bawa ne, sai ya neme shi ya biya ko ya roƙi yafewa. Wanda nasa lamarin ya cakuɗe, ya same mu bayan sallar la'asar a yi lissafin tare da malamai.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.